Daɓen Ƙofar Yaya Shatu

Cokalin gini biyu, katakon shafe, ranji mai tsawon ƙafa shida, igiya, sabuwar tsintsiya, goro uku a aljihu. Abin da Audi ya ɗauko ke nan daga Sandamu. Buhun kayan yana kan cinyarsa, dogon ranjin da yake daidaita siminti da shi yana jingine a kafaɗarsa, ɗan acaba yana ta mitar cewa iska na ture su. Gonaki fayau, ana jiran ruwa. Rana ba ta gama fitowa ba amma har gumi ya fara tsattsafo masa a wuya.

Yayarsa Shatu ce ta aiko. Ɗanta Yazid, mai aiki a Abuja, ya ce bana ba za ta sake taka caɓi ba, za a zuba mata kankare a tsakar gida kafin damina. Saƙon gajere ne: ranar Asabar, ya zo da kayansa. Audi bai tambayi komai ba. Shekara talatin da huɗu yana daɓe a ƙasar Daura, daga Zango har Baure. In za a yi daɓe a gidan yayarsa, wa kuma za a kira?

Da suka karyo kwanar layin, sai ya hangi a-kori-kura a ƙofar gidan, ga tulin yashi, ga tsakuwa, ga leburori. Mutum huɗu suna kokawa da wani ƙarfe a bakin zaure. Audi ya gane shi tun kafin babur ya tsaya. Injin shafe daɓe ne, wanda magina ke kira helikwafta saboda fukafukai huɗu da ke juyawa a ƙarƙashinsa. Guda ɗaya ne a duk yankin, kuma na Badaru ne.

Shekara bakwai Badaru ya yi yana ɗaukar masa kwanon siminti. Daga nan ya tafi Kano, aka daina jin ɗuriyarsa. Bara ya dawo da tumbi, da takalmin roba har gwiwa, da wannan injin. Tun lokacin wayar Audi ta rage ƙara.

Injin ya ƙi shiga. Sai da suka kwance masa hannu, suka karkata shi, ya karce gefen ƙofa, sannan ya wuce da ƙyar.

"Da ya ƙara yatsa biyu, sai dai a rushe zauren," in ji Ɗantsoho, tsohon lebura wanda shi ma a da wurin Audi yake. Ya juyo ya ga Audi, ya washe baki. "A'a, manya sun iso. Malam Audi, yau za ka ga aikin bature."

Badaru ya share hannunsa a wando, ya rusuna.

"Maigida, barka da asuba. An zo lafiya?"

"Lafiya."

Yazid ya fito da waya a hannu, ya gaishe da kawunsa yadda ya kamata, har ya karɓi buhun. Sannan ya yi gyaran murya.

"Kawu, wato tsakar gidan Badaru zai yi da inji, don a gama yau. Amma ya ce inji ba ya isa kusurwa da jikin bango. Shi ne muka ce ko za ka taimaka da wannan."

Audi ya dubi Badaru. Badaru yana duban ƙasa.

"Ni ba mai kusurwa ba ne," in ji Audi. "Yana da mutane."

Sai ga Shatu ta fito dogare da sanda, za ta maƙwabta ta wuni tunda maza za su cika gidan. Ta ji komai. Ta daɗe da sanin halin ƙaninta.

"Audi, ni na ce a kira ka, ba don wata kusurwa ba. Ƙofar ɗakina. Nan nake alwala, nan nake shimfiɗa tabarma. Ni ban san inji ba. Hannunka nake so a wurin."

"To, Yaya."

"Kar ka yi min mai santsi. Ka san gwiwar nan."

"Na taho da tsintsiya."

Ta gyaɗa kai ta wuce. Dabarar Audi ce tun da daɗewa: in ya gama shafe, sai ya ja sabuwar tsintsiya sau ɗaya a hankali, ta bar siraran layuka da ke riƙe ƙafa ko da wurin ya jiƙe.

Wurin da aka ba shi bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. Audi ya tsaya a kansa yana auna shi da ido. Ya ishe shi. Duk wanda ya shigo gidan nan zai ga aikin inji, sannan ya iso nan ya ga aikin hannu, ya san bambanci. Zai sa Yazid ya ɗauki wurin a wayarsa ya kai Abuja.

Daga ƙofar Shatu aka fara zubi, a can ƙuryar gidan, ana ja da baya zuwa zaure. Audi ya baje nasa da shebur, ya buga shi, ya ja ranji, ya ba shi gangara zuwa rariya. Da ya gama, ɗanyen kankare ya riga ya raba shi da sauran mutane. Ya zauna a dokin ƙofar ɗakin, ƙafafunsa a kan wani guntun katako, ya fasa goro.

Yanzu sai jira. Shi ne rabin aikin. In an baje kankare, yakan tofo ruwa sama. Ba a taɓa shi sai ruwan ya tafi, ƙyallin ya mutu, har in ka danna babban yatsa ya bar ɗan gurbi kaɗan. Daga nan kana da ɗan lokaci, a bazara bai fi na cin tuwo ba. In ka riga shi, ka ɓata. In ya riga ka, ka rasa. Siminti ba ya jiran ko sarki. Duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Audi ya ji wannan maganar har ta gundure shi.

Ɗakin Shatu gabas yake kallo. Rana tun fitowarta ƙofar take duka. Tsakiyar gidan kuwa inuwar darbejiyar maƙwabta ce ta rufe shi.

A nan, cikin inuwar, Audi ya ga abin. Ruwa ya taru, faɗinsa kamar faifai uku, yana ƙyalli. Leburori sun cika wa kwaɓin wurin ruwa don ya yi musu sauƙin ɗauka. Wurin ba zai bushe tare da sauran ba. In aka bi ta kansa da inji yana haka, ruwan zai koma cikin fuskar simintin. Yau zai yi kyau kamar madubi. Kafin a ci sabon gero zai fara ɓarewa kamar bayan kifi, tsintsiya tana kwashe gari kullum.

Audi ya daina tauna.

Badaru yana can yana waya, da alama wani aikin ake ba shi. Yazid yana zagayawa a bakin zaure.

"Malam Badaru, a tayar mana da shi mana. Gobe da sassafe zan kama hanya, ina so in ga an gama."

"Yanzu, ranka ya daɗe."

Badaru ya sa wayar a aljihu, ya taka gefen daɓen da ƙafa ɗaya, ya dubi sawun. Sannan ya ɗaga murya.

"Maigida, ya ka gani? Ya yi?"

Kalma biyu ce a bakin Audi: duba tsakiya. Ya haɗiye su da ruwan goro.

"Kai ne mai inji."

Badaru ya ja igiya, injin ya tashi. Kajin maƙwabta suka watse. Ya fara daga ɓangaren da rana ta taɓa, yana kaɗa shi dama da hagu, hannu biyu a kan marikin, ba gaggawa.

Audi ya so aikin ya yi muni. Bai yi ba. Duk inda fukafukan suka wuce, tsakuwa ta nutse, ramuka suka rufe, fuskar ta kwanta. Abin da zai ci masa rabin sa'a a durƙushe, gwiwa a kan katako, kafaɗa na zogi, Badaru ya yi shi a tsaye, yana ma iya ɗaga hannu ya gyara hula. Yazid ya ɗaga waya yana ɗauka. Mutanen layi sun cika zaure suna leƙe. Audi ya tuna wani Alhaji a Zango wanda ya yi wa daɓen ɗakin aurensa, ya yi na 'ya'yansa uku. Watan jiya sun haɗu a tasha, Alhajin ya gaishe shi da fara'a, ya tambayi iyali, bai ce masa komai ba game da sabon shagonsa. Daga baya Audi ya wuce ta wurin. Ya ga zagayayyun sawun fukafukai a ƙasa.

Injin yana matsowa wurin ruwan. Taku shida. Taku biyar.

Audi ya riga ya ga ranar. Yazid zai kira shi a waya, muryarsa a sanyaye. Kawu, daɓen nan yana ɓarewa. Shi kuma zai ce, to, ƙofar ɗakin Yaya fa? Zai bari shirun ya yi tsawo. Labarin zai kai Zango kafin sati.

Ya san tsakar gidan yayarsa ce. Ya san ita za ta riƙa share garin. Ya ture wannan gefe, kamar yadda ake ture tsakuwa da cokali.

Taku uku. Taku biyu.

Badaru ya kashe injin.

"Ɗantsoho, kawo min tiyo. Kai riƙe can, ni nan."

Suka shimfiɗa robar ruwan a kan daɓen, kowa ya kama gefe guda, suka ja ta a hankali. Ruwan ya bi gabanta har rariya. Suka sake, sau uku. Badaru ya ɗauko buhu ya tsane abin da ya rage, sannan ya koma inuwa ya zauna ya sha ruwa.

"Ya aka tsaya?" in ji Yazid.

"Nan bai nuna ba. Sai ya sha iska."

"Ba za a iya bi haka ba?"

"Za a iya. Wata uku ka kira ni kana zagina." Badaru ya nuna ƙuryar gidan da haɓa. "Ga wanda ya koya min can. Ya taɓa korata gida a kan irin wannan."

Mutane suka juyo suka dubi Audi, wasu suna gyaɗa kai. Ya sunkuyar da kai don kada ya haɗa ido da kowa, sai idonsa ya faɗa kan abin da ke gaban ƙafarsa.

Wurin ya yi fari.

Ya danna babban yatsa. Babu gurbi. Ya danna da ƙarfi har farcensa ya yi ja. Ya ɗauki katakon shafe ya goga, katakon ya zame a sama bai kama komai ba. Ya ɗauki cokali ya danna da duk nauyinsa, ƙarfen ya yi ƙara mai tayar da tsikar jiki, ya bar baƙin zane. Layukan ranji suna nan yadda ya bar su, kan tsakuwa a waje, ƙananan ramuka ko'ina. Ko daɓen garken awaki ba a barinsa haka.

Aka kira azahar. Yazid ya ce a fito a yi salla a ci abinci, an kawo shinkafa da wake. Zauren ya watse. Audi ya ce yana zuwa.

Butar Shatu tana bayan ƙofa, da ruwa a ciki. Akwai dabarar da ragwaye ke yi: a yayyafa ruwa, a barbaɗa busasshen siminti, a shafe. Yakan yi kyau har mai gida ya sallame ka. Audi bai taɓa yi ba. Ya ɗauki butar. Ya karkata ta.

"Maigida."

Badaru ne, tsaye a kan katako, taku biyu daga gare shi. Bai dubi butar ba. Ya tsuguna, ya kankari daɓen da farce, ya buga shi da ƙashin yatsa yana saurare.

"Rana ce," ya ce. "Nan ta fi duka."

Badaru ya sake danna wurin da yatsa.

"Bai gama kamawa ba. Hannu ba zai iya ba, amma inji yana da nauyi, zai rufe shi. Yanzu dai, ba anjima ba." Ya waiga zaure. "Duk suna waje."

Da zagi ne, da Audi ya san amsarsa. Ya nemi alamar dariya a fuskar Badaru, ko ta ramuwa, ya rasa. Mutumin daɓen kawai yake kallo.

Audi ya ajiye butar. Ya janye guntun katakon, ya ɗage ƙafafunsa zuwa cikin ɗaki.

Injin ya tashi. Ya zo har gaban dokin ƙofa, iskar fukafukansa tana kaɗa bakin wandon Audi. Ya je, ya dawo, ya sake komawa a gicciye. Badaru yana danna marikin, jijiyoyin hannunsa a tashe. Tsakuwar ta nutse. Baƙin zanen cokali ya ɓace. Bai bi shi har ya yi ƙyalli ba, ya tsaya tun fuskar tana da ɗan kaushi irin na harshen kyanwa.

"Saboda ƙafar Hajiya," ya ce bayan ya kashe. "Tsintsiya ba za ta ci ba yanzu."

Saura wani siririn layi a jikin dokin ƙofa, faɗin tafin hannu, inda inuwar rufi ta kare shi daga rana kuma inji bai isa ba. Yana da sauran laushi. Audi ya durƙusa ya shafe shi da cokali. Shi ke nan aikin da ya yi a gidan yayarsa.

Bayan la'asar Shatu ta dawo. Aka jera mata katakai, Yazid ya riƙe mata hannu. Ta wuce tsakiyar gidan tana taɓe baki.

"Wannan ai sai ka ga fuskarka. To, Allah ya sa kada mu karye."

Da ta iso ƙofar ɗakinta, ta ba Yazid sandar, ta sunkuya da ƙyar, ta shafa wurin da tafin hannu. Ta daɗe tana shafawa.

"Kun gani? Yazid, zo ka taɓa. Ba santsi, ba tudu, ba kwari. Wannan shi ne hannu. Ka je ka faɗa wa mutanen Abuja, inji bai iya wannan ba." Ta juya wurin Badaru. "Kai ma ka yi ƙoƙari, ɗan nan. Amma da sauranka."

"Ai Maigida daban ne, Hajiya," in ji Badaru.

Yazid ya tsuguna ya ɗauki wurin a waya, daga kusa, daga nesa, sannan ya ce Kawu ya tsaya a gefe a ɗauke shi tare da aikinsa. Audi ya tsaya.

"Ni fa kamar na ji inji yana kuka muna cin abinci," in ji Ɗantsoho.

"Gwada shi na yi," in ji Badaru. "Je ka kwance masa hannu."

Wajen fita ma sai da injin ya maƙale. Suka karkata shi, suka ja, suka tura, ya sake karce gefen ƙofar. Audi yana tsaye da buhunsa yana kallon fukafukan, siminti ya bushe a jikinsu. Ya matsa kusa da Ɗantsoho.

"Wannan shi ne babbansu?"

"Wa ya faɗa maka? Wannan ai jariri ne. A Kano akwai wanda ya ninka shi. Na ga wani ma hawansa ake kamar babur."

Badaru ya zo ya ce a-kori-kura za ta bi ta Sandamu, Maigida ya shiga gaba. Audi ya ce yana da wurin biyawa. Ya taka har bakin titi ya tsayar da ɗan acaba.

Rana ta yi ja lokacin da ya shiga gida. Matarsa Hasana tana zuba wa sansu na kiwo dusa a turke. Wata tara suna kiwonsa, ya yi tozo, bayansa ya shimfiɗe. Da kuɗinsa za a canza rufin ɗakinta kafin ruwa ya sauka, bara a kwano uku ta riƙa tarar yoyo.

Ta yi masa sannu da zuwa, ta karɓi buhun, ta fara fito da kayan don wankewa. Cokali. Katako. Ta ɗago tsintsiyar, ɗaurinta ko motsi bai yi ba.

"Malam, ba a yi aikin ba ne?"

"An yi."

"Yaya ta yaba?"

"Ta yaba."

"To madalla. Ai na san ba mai kama hannunka."

Audi ya tsaya a gaban san. Ya dafa tozonsa, ya shafa bayansa har gindin wutsiya, yadda dillalai ke yi. Hasana ta bar wankin tana kallonsa. Ya wuce ta, ya cire takalmi, ya shiga ɗakinsa, ya tura ƙofa ta rufe. Daga ciki ta ji muryarsa.

"Ran kasuwar Mai'aduwa a kai san nan. Inji zan saya. Wanda ya fi na Badaru girma."